Ka Sauka a Kabo Kafin Ruwa Ya Sauka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya fitar da mu daga ƙasa, Ya kuma yi mana masauki a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri zuwa gare ka, ɗana, wanda muke kira Abba saboda sunan mahaifina da kake ɗauke da shi. Allah Ya sa ka wayi gari lafiya, Ya tsare ka a zamanka da tafiyarka.

Ɗaki biyu ne kawai tsakanina da kai, amma ga shi takarda nake rubuto maka kamar kana wata ƙasa. Tun da ciwon nan ya shanye mini ɓarin hagu harshena ya yi nauyi, kalma ɗaya sai na yi mata ɗauka biyu. Ko da harshen yana nan, kai ɗan fari ne, ban saba zama ina kallon idonka muna doguwar magana ba. Hannun dama ne Allah Ya bar mini, da shi zan faɗi abin da baki ya kasa.

Shekaranjiya ina kwance na ji mahaifiyarka tana ce maka, ranar Asabar idan motarku ta kai Kabo, kafin ka wuce Kano ka hau ta Kudu zuwa bautar ƙasa, ka sauka ka yi wa Baffanka Sale sallama. Na kuma ji amsarka. Ka ce, "Haba Umma, gidan da ake buga bandiri? Ai Malam ya hana mu." Ba ka yi ƙarya ba, ni na hana. Amma da na ji maganata ta fito daga bakinka da irin muryar da na faɗe ta, sai na ƙudura rubuto maka wannan takarda. Ina so ka sauka a Kabo. Ba zan umarce ka ba sai na gaya maka abin da na yi wa mutumin nan, domin abin da ka sani rabi ne, kuma rabin da ya yi mini daɗi.

Baffanka Sale yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne ɗan farin Inna. Da mahaifinmu ya rasu shi ya gaji limancin masallacin unguwa, shi kuma ya sayar da akuyarsa ya yi mini guzuri na tafi birni karatu. Shekara tara na yi. Na dawo da littattafai cike da adaka da kuma wani abu a zuciya wanda a lokacin nake ce masa kishin addini. Na tarar da Yaya yana salla yana sakin hannuwansa kamar yadda mahaifinmu ya yi, ni kuwa na koyo ɗora su a ƙirji. Na san malamai sun yi saɓani a kan wannan tun kafin a haifi kakanninmu, na san babu wanda ya ce sallar ɗaya ta ɓaci. A cikin littattafan da na ɗauko ma yana rubuce. Sai dai na karanta shafin da ya ba ni gaskiya, na tsallake na kusa da shi.

Wata ranar Talata bayan la'asar na miƙe a cikin sahu na ce ba zan ƙara binsa salla ba. Yaya bai yi fushi ba. Dariya ya yi, ya miƙo mini hannu ya ce, "To Haruna, in ka ɗaure hannunka a ƙirji, da me za ka riƙa gaisawa da ni?" Mutane suka yi dariya. Dariyar ce ta ƙona ni. Na bar hannunsa a miƙe, na fita. Kafin kaka mun kafa namu masallacin da zana, taku arba'in tsakaninmu da nasa. Ladaninmu yana jira nasu ya fara kiran salla, sai ya ɗaga murya ya danne shi. Daga ranar kuma na daina ce masa Yaya, na koma "Malam Sale", kamar wani baƙo da muka haɗu a kasuwar Getso.

Inda za ka, Musulmi kaɗan ne, masallaci ɗaya ne zai haɗa ku da Bayarabe da Babarbare da wanda ba ka taɓa jin sunan yarensa ba. Ka shiga sahu, ka haɗa kafaɗa, kada ka dubi inda hannun kowa yake. Za ka kuma zauna da maƙwabta masu zuwa coci. Haƙƙin maƙwabtaka bai tambayi addini ba. Ka gaishe su, ka duba marar lafiyarsu, ka riƙe naka addinin ba tare da ka yi wa nasu ba'a ba. Idan aka miƙo maka hannu, ka karɓa, ko da kana da magana. Magana tana jira, hannu kuwa idan ya koma ba lallai ya sake fitowa ba.

Yanzu maganar kufai. Ka san shi daga nesa, tudun nan da ke hannun dama idan an bar Gwarzo an nufi Kabo, amma ban taɓa kai ka ba. Can ne garinmu na asali, kafin a yi titi mutane su taso su dawo bakin hanya. Ina yaro Inna takan kai mu. A lokacin ganuwa tana nan tsaye, ta fi mutum biyu tsawo a wasu wurare, har ana gane ƙofar gabas. Akwai ramukan karofi inda kakanninta suka yi rini, bakinsu har lokacin da sauran shuɗi. Takan tsaya a wani fili da babu komai sai tsingaro da ƙaya, ta ce, "Nan ne madafinmu. Nan uwata ta haife ni." Mu muna ganin ciyawa, ita tana ganin gida. A gindin ganuwa ta yamma tsohuwar maƙabarta take, can iyayenta suke, can kuma ta yi wasiyya a kai ta. Muka cika mata. Yaya ya ɗauko dutse guda baƙi ya ajiye a wajen kanta, kusa da wata aduwa.

Duk safiyar Juma'a Yaya yakan tafi can da ƙafa, shi da wasu tsofaffi, su yi wa mamata addu'a su dawo. Ni kuwa ina wa'azi a kan masu zuwa kushewa neman biyan bukata. Ban taɓa binsa na ji abin da yake faɗa a can ba. Na yanke masa hukunci ina zaune a kan buzuna.

Sai zamanin tsuke bakin aljihu ya zo. Kai kana ƙarami, ba za ka tuna ba. Sabulu da gishiri sai da layi. Takin zamani ya ɓace, wanda ya samu buhu guda sai ya ɓoye shi a ɗakin matarsa. Siminti ya fi ƙarfin talaka. Gonaki sun gaji, dawa tana fitowa ja siririya kamar tsintsiya. Kowane manomi kuwa ya san babu taki kamar ƙasar kufai, inda mutane da dabbobi suka zauna shekaru aru-aru. Ƙasar ganuwa kuma ta riga ta sha kwaɓi, ba ta da kamarta wajen gini. Mutane suna so, suna tsoro. Suka je wa Yaya ya ce a ɗebi ta tsakiyar gari, amma kada a kusanci yamma. Da ba su ƙoshi da wannan ba suka zo wurina. Na ce musu ƙasa ƙasa ce, ba ta da wata alfarma, rayayye mai yunwa ya fi tudu haƙƙi. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta. Amma Allah Ya san ba yunwar mutane ce kaɗai a raina ba. Ina so tafiyar safiyar Juma'ar nan ta mutu, na kuma ga hanyar kashe ta ba tare da hannuna ya fito ba.

Rani biyu jakai da mangala da amalanken shanu suna zirga-zirga. Ganuwa ta yi ta raguwa kamar ana gutsurar tuwo. Da aka cinye ta gabas aka juyo yamma. Wata rana wani mai amalanke ya zo zaurena da fasassun tukwane a hannu, irin waɗanda ake rufe ramin kabari da su. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, mun fara cin karo da waɗannan. A ci gaba?" Na san ko mene ne. Da hannuna na jera irinsu a kan Inna. Na ce masa tsohon juji ne, amma su ɗan ja baya. Ban tashi na je na duba ba, don kada a ce Malam Haruna ma ya je kushewa. Aduwar an sare ta an yi gawayi. Dutsen kuma ban san gindin ginin wa ya shiga ba. Da aka daidaita wurin, wani ya shinge shi ya yi gona. Ni ma an kai amalanke shida gonata ta bayan gari. Dawar shekarar ta yi kyau ƙwarai, mun ci, kai ma an dama maka kunu da ita.

Ɗana, a Kudu za a kai ku ganin tsofaffin wurare, fadojin sarakunansu da gidajen tarihi da wuraren da kakanninsu suka yi bauta. Ba na ce ka yi abin da suke yi a can ba, ka san iyakarka. Amma kada ka shiga da raini. Kowane kango gidan wani ne, kowane tudu akwai wanda yake kwance a ƙarƙashinsa, akwai kuma mai rai da yake tunawa da shi. Ka tambayi mutanen wurin inda ake takawa da inda ba a takawa. Ziyarar irin waɗannan wurare an so ta ne don zuciya ta yi laushi, ta tuna waɗanda suka gina wannan sun fi mu ƙarfi kuma sun tafi. Ni na karantar da wannan shekara da shekaru, kufan da ke bayan gidana kuwa na sa an kwashe shi a mangala.

Yaya bai zo ya yi mini faɗa ba. Ya ci gaba da tafiyarsa ta Juma'a, yana tsayawa a tsakiyar gonar mutane. Muna gida ɗaya, katanga ta raba mu, mukan haɗu a zaure mu yi gaisuwar da ba ta wuce "lafiya lau".

Abin da ya raba mu gaba ɗaya ya faru ne da aka ƙaddamar da Shari'a. Kana makarantar kwana a lokacin. Mun yi murna, kuma har yau ban yi nadamar murnar ba. Aka kafa kwamiti a garinmu, aka ba ni shugabanci. Muka ce za a tattara kaset-kaset na waƙoƙin banza daga wurin masu shayi da masu aski da gidaje, a ƙona bayan sallar Juma'a. Wani ya yi gunaguni cewa ai a gidan shugaba ma ana kiɗa. Yana nufin bandirin da Yaya yake bugawa idan suna begen Annabi shi da mutanensa. Na ce to a fara da gidanmu. Na bari sai da ya tafi kufai da safe, na shiga ɗakinsa ba izini, na ɗauko bandirin da wani ɗan kwali mai kaset bakwai ko takwas. Babu wanda na saka a rikoda na ji. Da hannuna na zuba su a wuta, mutane suna kabbara.

Yana dawowa aka gaya masa. Ya zo filin da ƙurar hanya a ƙafarsa, ya tsaya yana kallon robar tana narkewa. Ya ce, "Malam, har da wanda aka ɗaure da jan zare?"

Na ce, "Duk kiɗa ne."

Ya ce, "Ka saurara?"

Na ce, "Ba na sauraron haram."

Ya gyaɗa kai. A hankali ya yi maganar, amma duk wanda ke kusa ya ji. Ya ce, "Na Maulidin shekarar da ka dawo hutu ne, wanda malamin firamare ya ɗauka da rikodarsa. Kiɗan bai fi rabi ba. A ƙarshe akwai guɗar Inna. Bayan guɗar sai ta ce, 'Haruna, kawo wa yayanka ruwa, maƙogwaronsa ya bushe.' Ni ɗan fari ne, har ta mutu ba ta taɓa kiran sunana ba. Naka ta kira. Don in riƙa jin sunanka a bakinta nake ajiye da shi, tun da kai ka daina zuwa in na kira."

Da na faɗi a gabansa a ranar, da an gama. Amma mutane suna kallo, ni ne shugaba. Na ce, "Ko muryar wa ce, hukunci ɗaya ne." Kafin sati ya zagayo ya kwashe iyalinsa ya koma Kabo wurin surukansa, ya bar masallacin mahaifinmu a hannun ladani.

Kada ka ɗauka na sauya ra'ayi a kan kowane kiɗa. Wanda yake raka giya da batsa, yake sa mutum ya ji kiran salla ya ƙi motsi, har gobe ina hana ka shi, kuma inda za ka yana da yawa. Ka tsare kunnenka kamar yadda kake tsare bakinka daga abin da za ka ci. Amma bandiri da yabon Manzo malamai sun yi magana a kansa, da masu hanawa da masu bari, kuma na san haka tun ranar. Ko da ma haram ne, shiga ɗakin mutum a bayan idonsa ba halal ba ne, ƙona abin da ba ka san mene ne ba kuma ba hukunci ba ne, zalunci ne. Alƙali ba ya yanke magana sai ya saurara. Duk ranar da ka ji zuciyarka tana zafi don Allah, ka tsaya ka tambaye ta ko akwai mutanen da take so su gani. Tawa ta yaudare ni sau da yawa da rigar addini, kuma kullum akwai 'yan kallo.

Bara bayan girbi, kafin ciwon nan ya kwantar da ni, na tafi kufai ni kaɗai. Rabona da shi tun jana'izar wani tsoho kafin a fara ɗibar ƙasa. Na ce zan yi wa Inna addu'a a kanta ko sau ɗaya. Ban gane komai ba. Babu ganuwa, babu itace, sai kunyoyin gona a jere da kututturen kara. Na yi gabas na yi yamma har rana ta take. Wataƙila na taka ta, ban sani ba. Mai gonar ya same ni, ya ce, "Malam, me ya ɓata?" Na ce kufai kawai na zo dubawa. Shi ya ce mini akwai wani makaho daga Kabo da ake kawowa a babur lokaci-lokaci, a ajiye shi a bakin ramin karofi guda da ya rage, daga nan sai ya ƙirga takunsa, ya karkata, ya tsaya a wuri ɗaya kullum. A bakin baƙo na ji cewa yayana ya makance.

Daga can na wuce Kabo. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, ya rame har na so in wuce shi. Na yi sallama, ya amsa, ya ce, "Wane ne?"

Na ce, "Haruna ne."

Ya ɗaga fuska wajen muryata ya ce, "Wane Harunan? Ƙanena, ko Malam?"

Akwai mutum uku zaune tare da shi, almuridansa ne, sun zuba mini ido. Kalma ɗaya ake nema a wurina. Na ce, "Ai duk ɗaya ne."

Ya ce, "A'a, ba ɗaya ba ne. Malam dai na san shi, ya sha zuwa, har ɗakina ya shiga. Ƙanena nake jira." Ya sa aka kawo mini ruwa, na sha, muka yi maganar damina da tsadar hatsi, na tashi. A mota na yi ta cewa zan dawo wani satin idan babu mutane. Kwana goma sha ɗaya bayan nan na faɗi a wurin alwala.

Yanzu ƙafata ba ta kai ni ko zaure. Shi kuma mahaifiyarka ta ji a bakin matan da suka je bikin suna a Kabo cewa tun azumi ba ya iya tsayuwa a salla. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da ruwa ya sauka mai gona zai yi huɗa, ba mai bari a shiga masa shuka, kai kuma shekara guda za ka yi. Ban san wanda zai kai wata bazarar ba tsakanina da shi. Duk duniya mutum ɗaya ne ya san inda uwata take kwance, kuma a tafin ƙafarsa ilimin yake, ba a takarda ba.

Saboda haka ina roƙonka, ba umarni nake ba ka ba, don na zubar da ikon yin umarni a wannan magana. Ka tashi ranar Juma'a maimakon Asabar. Ka sauka a Kabo, ka tambayi gidan Liman Sale makaho a bayan kasuwa. Ka cire takalmi, ka durƙusa. Idan ka tarar suna bege ka zauna har su gama, ba abin da zai ci ka. Idan lokacin salla ya yi ka bi wanda suka gabatar. In jikinsa zai ɗauka, ka nemi babur ka riƙe shi a tsakiya ku je kufai, ka bi shi a baya ka ƙirga abin da ya ƙirga, ka rubuta, ka ajiye dutse. Ka nemi mai gonar da ladabi ya bar wurin ba huɗa, ka ce ni zan aika a yi magana da shi. In kuwa jikin ba zai ɗauka ba, kada ka matsa masa. Gaisuwar ta fi dutsen.

Ba zai gane ka ba, rabonsa da muryarka tun ba ta fashe ba. Zai tambaye ka ɗan wane ne, kuma na tabbata akwai mutane a wurin. Kada ka rage murya saboda su. Kada ka ce Malam Haruna. Ka ce ƙanensa ne ya aiko ka, ya ce a gaida Yaya, yana neman gafara.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciyarka. Ya ba ka ilimin da ke sa mutum ya sunkuya, Ya raba ka da irin wanda ya sandarar da wuyan mahaifinka. Ya jiƙan Inna a inda take, ko mun gane wurin ko ba mu gane ba, Shi bai ɓace masa ba. Ya sa ka tarar da Baffanka da rai. Allah Ya yi maka albarka duniya da lahira, amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Mahaifinka,
Haruna, ƙanen Sale